Tarihin Matsattsiyar Iska da Yadda Aka Koyi Tace Ta

Abin da zan yi magana a kansa yau abu ne wanda Bahaushe bai ɗauke shi a bakin kome ba, watau iska. Idan aka ce magana ta bi iska, to, ta tafi ke nan a banza, wanda kuma aka kira ɗan iska ba yabonsa aka yi ba. Amma a masana'antun zamani iska kaya ce mai tsada, da kuɗi ake matsa ta, da kuɗi ake tura ta cikin bututu, da kuɗi kuma ake tace ta. Ita ke juya sukurudireba a wurin haɗa motoci, ita ke fesa fenti, ita ke hura kwalaben roba, ita ke kama birkin jirgin ƙasa da na tirela, ita ce kuma likitan haƙori ke aiki da ita a cikin bakin mutum. Nufina shi ne in bi tarihin wannan abu, in nuna cewa 'yan Adam sun riga sun ƙware wajen matsa iska da daɗewa kafin su gane cewa sai an tsarkake ta, sa'an nan in nuna abin da wannan jinkiri ya koya wa mai zaɓen mataci a yau. Makanikai filta suke cewa, ni kuwa zan riƙa cewa mataci, domin kalmar tamu ce, kuma ta faɗi aikin abin sosai.

Asalin sana'ar a maƙera yake. Duk wanda ya taɓa zama a bakin maƙera ya ga yaro yana zuga da zugazugan fatar akuya, ya ga kakan injin matsa iska. A kabarin wani wazirin Fir'auna mai suna Rekhmire, a Masar, akwai zanen maƙera suna taka zugazugai da ƙafa, zanen kuwa ya yi kusan shekara 3,500. Maƙeri ba ruwansa da tace iska, domin matsin kaɗan ne, kuma duk ƙurar da ta shiga wuta ce za ta cinye ta. Haka aka zauna har ƙarni na 18, lokacin da masu narkar da ƙarfe a Ingila suka ga fata ta kasa. A shekarun 1760 John Smeaton ya ƙera silinda ta ƙarfe mai fistan, wadda ruwa ke juyawa, don hura tanderu. A 1774 John Wilkinson ya fito da injin da ke rarake cikin silinda sumul, har fistan ya zauna daram ba yoyo. Daga nan ne aka sami ikon matsa iska da ƙarfi na gaske.

Sai dai a nan wata ɗabi'a ta iska ta bayyana, wadda ita ce tushen dukan abin da zai biyo baya. Idan aka ɗebi iskar da za ta cika ɗakuna takwas aka cusa ta cikin ɗaki guda, wanda kusan shi ne matsin da yawancin masana'antu ke aiki da shi, to, ƙurar ɗakunan takwas ɗin da danshinsu duk sun taru a ɗaki guda. Matsawar kuma tana sa iskar ta yi zafi ƙwarai. Muddin tana da zafi tana riƙe da danshinta, amma da ta shiga bututu ta huce sai ta sake shi, kamar dai yadda raɓa ke sauka da asuba. Bari mu yi ɗan lissafi. Lita 1,000 ta iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar ruwa kimanin giram 30. A ce rana ce ta damina, danshin ya kai kashi 80 cikin ɗari, watau giram 24 ke nan. Matsakaicin inji mai zuƙar lita 10,000 a minti ɗaya zai haɗiye giram 240 na ruwa kowane minti. Bayan an matsa iskar ta huce zuwa digiri 35, abin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 50 ba. Saura giram 190 sai sun zama ruwa. A aikin awa takwas ruwan ya kai lita 90, watau jarkoki huɗu da rabi na mai garuwa, kuma duk cikin bututun da aka ce na iska ne.

Wurin da aka fara gwada ƙarfin matsattsiyar iska a babban aiki shi ne tsaunukan Alps. A 1857 gwamnatin Sardiniya ta soma huda dutse don jirgin ƙasa ya ratsa tsakanin Bardonecchia da Modane, tafiyar fiye da kilomita 12 a cikin cikin dutse, hanyar da aka sani da sunan Mont Cenis. Da guduma da kurfi aka fara, ana cin 'yan taƙi kaɗan a yini, har aka yi kirdadon aikin zai ci shekara 25 ko fiye. Injin tururi ba ya shiga rami irin wannan, don hayaƙinsa zai kashe ma'aikata. Injiniya Germain Sommeiller shi ya kawo dabara: aka girka injunan matsa iska a bakin ramin, ruwan da ke gangarowa daga tsauni yana juya su, aka ja bututu zuwa ciki, iskar tana buga injunan huda dutse. Daga 1861 aka soma aiki da su. Ɓangarorin biyu suka haɗu a watan Disamba 1870, aka buɗe hanyar a watan Satumba 1871. Wani alherin da aka samu a kan hanya shi ne iskar da ta gama aiki ta fita daga injin ita ce ma'aikata ke shaƙa. Ba wanda ya tambaya a lokacin me ke cikinta.

A Amurka kuwa wani saurayi mai suna George Westinghouse ya sami rajistar birkin iska a 1869. Kafin wannan, idan direba ya busa usur sai masu birki su bi saman taragai da gudu suna murɗa ƙafafun birki ɗaya bayan ɗaya, da yawansu kuwa faɗowa suke yi su mutu. A 1872 ya gyara dabarar ta yadda matsin iskar ne ke riƙe birki a sake, idan bututu ya tsinke sai birki ya kama da kansa. A 1893 majalisar Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin jiragen ƙasa amfani da irin wannan birki. To, a nan ne dattin iska ya fara zama maganar rai da mutuwa. Bawul ɗin da ke ƙarƙashin kowane tarago yana da 'yan ƙananan ƙofofi, ɓarɓashin tsatsa kaɗan ya isa ya toshe su, ruwan da ya kwanta a ciki kuwa da hunturu sai ya daskare. Maganin da aka samo na farko mai sauƙi ne: famfon zubar da ruwa a gindin tanki, da wani ƙoƙo da ke sa iska ta yi juyi kamar guguwa, abin da ya fi nauyi ya bugi bango ya faɗa ƙasa. Wannan ƙoƙo har yau shi ne matakin farko a kowane tsarin tacewa, kuma har yau direban tirela mai hankali yakan ja igiyar tankinsa ya zubar da ruwa kafin ya kama hanya.

Labarin birnin Faris ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin can ne aka sayar da iska kamar yadda ake sayar da ruwan famfo. Wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, Victor Popp, ya sami izini ya shimfiɗa bututu a cikin magudanan ƙarƙashin birnin. Abin da ya fara sayarwa lokaci ne. Daga 1880 agogunan tituna da na otal-otal da na gidajen masu hali suka zama a haɗe da tasharsa, kowane minti sai a turo iska bugu ɗaya, hannun agogo ya matsa gaba, gari duka lokacinsa ya zama ɗaya. Da aka ga abin ya karɓu sai masu ɗab'i da kafintoci da teloli da masu gidajen abinci suka nemi a ja musu bututu su juya injunansu. A 1891 aka gina babbar tasha a bakin kogin Seine, bututun kuma ya yi ta yaɗuwa har ya kai ɗaruruwan kilomitoci. Injiniyoyin Popp sun sha fama da ruwa. Suka dasa tarkunan ruwa a wuraren da bututu ya yi kwari, suka kuma gano cewa iska idan ta fita daga matsi tana yin sanyi ƙwarai, har danshin da ya rage ya zama ƙanƙara ya shaƙe injin, saboda haka sai mai saye ya ajiye ɗan murhu yana ɗumama iskar kafin ta shiga injinsa. Masu gidajen abinci kuwa suka mai da matsalar riba, suka riƙa sanyaya nama da wannan iska mai sanyi. A watan Janairu 1910 kogin ya yi ambaliya ya cinye tashar, agogunan birni suka tsaya cak a lokaci guda. An daina aikin agogunan a 1927, amma sayar da iskar bai tsaya ba sai a 1994.

Ƙura da ruwa daga sarari suke zuwa. Abokin gaba na uku kuwa injin ne da kansa ke haifar da shi, watau mai. Fistan ba ya tafiya sai da mai, zafin matsawa kuma yana ƙona wani abu daga cikinsa ya zama baƙin dasashi a cikin bututu, wani ya zama hazo, wani ya zama tururi. An yi ta samun tankuna suna fashewa saboda wannan dasashi ya kama wuta, kuma inji mai zafi fiye da kima yana iya fitar da iskar guba irin wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, wanda ya shaƙe ta ba ya jin wari ko ɗanɗano. Abin mamaki, a wannan zamanin ba a ɗauki mai abin gudu ba. A 1927 Carl Norgren, a birnin Denver, ya ƙirƙiro na'urar da ke ɗiga mai cikin iskar da gangan domin kayan aiki su sami santsi. Har yau ana ganin jerin nan na abubuwa uku a bangon gareji: mataci, da mai daidaita matsi, da mai ɗiga mai. A cire gurɓataccen mai, a zuba mai tsabta. Ga guduma da sukurudireba wannan daidai ne, amma ga mai fenti ko mai haɗa magani ɗigo ɗaya ɓarna ne.

Ilmin tacewa na sosai daga yaƙi ya fito, abin takaici. A 1854 John Stenhouse, masanin haɗa magunguna ɗan Sikotlan, ya nuna cewa gawayi yana kama wari da tururin guba, ya yi abin rufe hanci da shi. Ba a kula da shi ƙwarai ba sai da aka fara watsa iskar guba a Yaƙin Duniya na Farko, a 1915 Nikolai Zelinsky na Rasha ya yi takunkumin da ke ɗauke da gawayin da aka gasa ta hanya ta musamman har ya zama duk ƙofofi. A Yaƙi na Biyu sojan Amurka suka nemi Irving Langmuir, wanda ya ci lambar Nobel a 1932, ya binciko musu yadda za a tare hayaƙi. Binciken nasa da na waɗanda suka biyo shi ya rushe abin da hankali ke fara kawowa. Mu duka idan aka ce mataci sai mu tuna rariya: abin da ya fi ƙofa girma ya tsaya, wanda bai kai ba ya wuce. Matacin da aka yi da siraran zaruruwa ba haka yake aiki ba, ƙofofinsa sun fi abin da yake kamawa girma nesa ba kusa ba. Babbar ƙwayar ƙura nauyinta ke hana ta kauce wa zare, sai ta yi karo da shi. Matsakaiciya tana bin iska, amma idan ta gogi zare sai ta manne. 'Yar mitsitsiya kuwa ba ta tafiya a miƙe, tangaɗi take yi kamar mashayi saboda ƙwayoyin iskar suna ta bugunta ta kowane gefe, tangaɗin nan shi ke kai ta ga zare. Wannan rawa Robert Brown ya fara ganinta a madubin ƙara girma a 1827, Albert Einstein ya bayyana dalilinta a 1905. Ashe wadda ta fi wuyar kamu ita ce ta tsakiya, wadda ba ta yi nauyin yin karo ba, ba ta kuma yi ƙanƙantar yin tangaɗi sosai ba. Langmuir ya sa girmanta a wajen maikuron 0.3. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, gashin kan mutum kuwa kaurinsa wajen maikuron 70 ne. Matatan da aka ƙera a shekarun 1940 don aikin bam ɗin nukiliya, waɗanda daga baya aka sa wa suna HEPA, a wannan girma ake gwada su, kuma sai sun kama kashi 99.97 cikin ɗari.

A daidai wannan lokaci masu yin penisilin suka zo da tasu bukatar. Fumfunar da ke ba da maganin sai da iska take rayuwa, don haka da aka koma dafa ta a manyan tankuna, kamar na masana'antar Pfizer da aka buɗe a Brooklyn a 1944, sai ya zama dole a riƙa hura mata iska dare da rana. Idan ƙwayar cuta ɗaya ta bi iskar ta shiga, tana iya hayayyafa ta lalata maganin tanki guda. Aka riƙa cusa audugar gilashi cikin manyan gwangwanaye ana dafa su da tururi. Tun daga nan ne masu abinci da abin sha da magani suka soma kallon iska a matsayin ɗaya daga cikin kayan haɗi.

Bayan yaƙi abubuwa biyu suka kammala tsarin da muke gani yau. Injin matsa iska mai sukurori biyu, wanda Alf Lysholm na Siwidin ya inganta a shekarun 1930, ya yaɗu a masana'antu, kuma irin da ya fi yawa ana malala masa mai ne a ciki don sanyaya shi. Hazon man da ke tserewa ya fi ƙarfin ƙoƙon guguwa, sai aka ɗauko ilmin zaruruwan nan aka yi matacin da ke tara hazo: ɗigo ya manne a zare, wani ya same shi, su haɗu su yi nauyi su gangara gindin kwano. Mai kyau daga cikinsu yana rage mai har ya koma miligiram 0.01 a lita 1,000 ta iska. Na biyu, a 1960 Charles Skarstrom ya sami rajistar na'urar busar da iska mai hasumiya biyu cike da tsakuwoyi masu shan danshi, ɗaya tana aiki ɗaya tana bushewa, suna karɓa-karɓa. Wannan tana busar da iska har raɓa ba za ta sauka ba sai sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Mai aiki irin na firiji kuwa, wadda ta fi araha, iyakarta wajen digiri 3 sama da sifiri.

Duk da haka mai saye ya daɗe cikin duhu, domin kowane kamfani cewa yake iskarsa mai tsabta ce, ba kuwa mudu ɗaya da za a auna. Sai a 1991 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 8573-1, aka sake duba ta a 2001 da 2010. Ta raba datti gida uku, ƙura da ruwa da mai, kowanne da ajinsa, ana rubuta su a jere, misali 1:2:1. A wajen mai, aji na 1 shi ne miligiram 0.01, na 2 shi ne 0.1, na 3 miligiram 1, na 4 miligiram 5. A wajen ruwa, aji na 2 shi ne digiri 40 ƙasa da sifiri, na 4 kuwa digiri 3 sama da shi. Akwai kuma aji na sifiri, wanda 'yan kasuwa ke son ambatawa. Ma'anarsa kawai ita ce mai saye da mai sayarwa sun yarda a rubuce da wani adadi da ya fi na aji na 1 tsanani. Idan ba a rubuta adadin ba, sifirin ado ne.

A nan nake so 'yan'uwa ma'aikata masu rubuta takardun sayen kaya su ba ni kunnuwansu. Kowane mataki na tarihin nan ya bar na'ura guda, kuma ba wadda ke yin aikin 'yar'uwarta. Ƙoƙon guguwa ruwan da ya riga ya zama ruwa yake cirewa. Matacin zaruruwa yana kama ƙura da hazo, amma tururi, na ruwa ne ko na mai, ratsa shi yake yi kamar babu kome a wurin, saboda haka mataci ba ya busar da iska, kome tsadarsa. Danshi sai na'urar busarwa, tururin mai da wari sai gawayi. Jerin ma yana da ƙa'ida, wadda kowace mace mai tankaɗe ta sani: a tsince tsakuwa tukuna, a bi da rariya mai manyan ido, sa'an nan mai laushi. Wanda ya sa gawayi a gaba, man da ke tafe zai jiƙe shi cikin 'yan kwanaki. Wanda ya sa na'urar busarwa mai tsakuwoyi ba tare da matacin mai a gabanta ba ya kashe tsakuwoyin, idan kuma bai sa matacin ƙura a bayanta ba, garin tsakuwoyin zai bi bututu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi inji a manta da mataci, don shi injin ana ganinsa, ana jin ƙararsa, ana iya kai baƙi su duba shi. Amma akwai kishiyarsa, watau a ce a kawo wanda ya fi kowanne laushi a sa ko'ina. A ganina wannan ma almubazzaranci ne. Kowane mataci yana cin wani abu daga matsin iskar, yana kuma ƙara ci yayin da yake toshewa, injin kuwa sai ya ƙara wahala ya cike giɓin. Injiniyoyi sun ƙiyasta cewa ƙarin matsi kwatankwacin nauyin iskar sarari sau ɗaya yana ƙara cin lantarki da wajen kashi 7 cikin ɗari. Wani bincike da aka yi wa Tarayyar Turai a 2001 ya nuna cewa matsa iska na cinye kusan kashi 10 cikin ɗari na lantarkin masana'antunsu. Inda kuwa da janareto ake aiki, wannan kashi man dizal ne ake ƙonawa. Mai faci a bakin titi ƙoƙon zubar da ruwa ya ishe shi. Mai fentin mota yana bukatar iska busasshiya marar mai, in ba haka ba fentin ya yi ƙuraje. Asibiti da masana'antar magani su ne masu bukatar jerin gaba ɗaya, har da gwajin iskar guba. Idan wuri ɗaya ne a masana'anta ke son iska mai tsananin tsabta, a can bakin wurin ake sa mataci mai laushi, sauran bututun a bar shi da matsakaici.

Ƙa'idodin nan an rubuta yawancinsu a ƙasashe masu sanyi, littattafan kamfanoni kuma sukan ɗauka cewa iskar da ke isa mataci ba ta da zafi ƙwarai. Masana'antar da ke Bompai ko Sharaɗa a Kano tana da shekara mai fuska biyu. Da hunturu iska a bushe take, amma tana ɗauke da ƙurar da ta taso daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, a lokacin matacin bakin injin ne ke toshewa tun wa'adinsa bai yi ba. Da bazara zafi na ƙara yawan tururin mai, gawayi ya ƙoshi da wuri. Da damina kuwa lissafin jarkokin nan ne ke aiki. Saboda haka na'urar busarwa a kan watan Agusta ake auna girmanta, matacin bakin inji a kan watan Janairu, gawayi kuma a kan watan Afrilu, kuma takardar saye ta faɗi lambobin nan uku na ƙa'ida, da zafin ɗakin da injin zai zauna, da adadin 'ya'yan matatan canji da za a kawo tare da shi.